Datsun 240Z a titin Argungu: abin da na gani bayan na riƙe ta

Masu son mota suna yawan cewa tsofaffin motocin tsere suna da rai, na yanzu kuwa kwamfuta ce kawai aka sa wa taya. Ni dai yanzu ina da bakin magana, domin tun bara nake hawa Datsun 240Z da kawuna ya bar mini, wadda ta daɗe a rufe da tamfol a bayan gidansa a Birnin Kebbi. Wani abokina kuma yana da Toyota GT86 da ya sayo ta hannu, muna yawan musanya makulli idan za mu Argungu.

A ƙarshen 1969 kamfanin Nissan na Japan, mai ƙera motocin Datsun, ya fito da 240Z. Injinta silinda shida ne a jere, lita 2.4, ƙarfinsa wajen doki 150, nauyin motar kuma ya ɗan haura tan ɗaya. Ba motar ado kaɗai ba ce: ita ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, a kan hanyoyin ƙasa masu ƙura da taɓo. Wannan tarihin ne ya sa na yarda in kashe mata kuɗi.

Abin da ya fi burge ni sitiyarinta ne. Babu wata na'ura da ke taya ka murɗa shi, don haka duk abin da tayoyin gaba suka taka sai ya iso tafin hannunka. Idan kwalta ta yi laushi da rana za ka sani, idan iska ta kwaso yashi ta zuba a gefen titi za ka ji gaban motar ya yi sakayau tun kafin idonka ya lura. Ga kuloci mai nauyi, ga giya da sai ka lallaɓa ta da safe kafin mai ya ɗumama. Kamar doki take, tana gane mahayin da hankalinsa ya tafi wani wuri. A cikin gari kuwa wahala ce zalla. Ka gwada juya ta a cunkoson bakin babbar kasuwa, 'yan acaɓa na danna maka oda, ka ga yadda gumi zai wanke maka riga.

Sai maganar gyara. Kabreta biyu gare ta, wato na'urar da ke haɗa iska da fetur, kuma dole su riƙa shan iska daidai wa daida, in ba haka ba injin ya yi ta kakkarwa. Yaran gareji da na fara kai wa suka buɗe bonet suna neman inda za su soka na'urar gano matsala, alhali babu wurin. Wani dattijon bakanike ne ya ceci lamarin. Ya ɗauko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kabreta, yana saurare yana murɗa sukuru a hankali, ya koma ɗayar ya sake saurare, har ƙarar biyun ta zama ɗaya. Ya ce mini, "Alhaji, wannan ba ta ɓoye ciwonta, mai kunne kawai take nema." Irinsu sun yi ƙaranci, kuma wannan ya fi tsadar kayan gyara damuna.

GT86 ta fito ne a 2012, da inji lita 2.0 mai silinda huɗu da aka yi tare da kamfanin Subaru, doki wajen 200. Ta fi tawa gudu, ta fi ta burki nesa ba kusa ba, tana tashi bugu ɗaya, ga sanyi a ciki. Ba zan ce ba ta da daɗi ba, ƙarya zan yi. A kwana tana manne da titi yadda tawa ba za ta taɓa yi ba. Amma sitiyarinta na lantarki ne, yana tace abin da zai gaya maka, kuma har wani bututu aka sa mata da ke kawo ƙarar inji cikin ɗaki don direba ya ji daɗi. Wannan ya ba ni dariya. Tawa ba ta buƙatar a roƙe ta ƙara, maƙwabta ma shaida ne.

To, rai fa? Ina ganin tsohuwar ta fi, saboda ba ta yi maka komai, kai ne za ka yi, kuma idan ka kuskure nan take za ta nuna maka. Sai dai ran nan yana da farashi. A watan Afrilu, da zafin Kebbi, allurar lagireto ce abin kallonka, ba hanya ba. Babu jakar iska ta kariya, babu burkin da ke hana taya kullewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, kowace fita sai na yi lissafi.

Wanda mota ɗaya zai iya riƙewa, ya sayi ta zamani. Wanda ke da ta zuwa aiki, yana kuma da bakanike tsoho da ya yarda da shi, ya nemi irin tawa, amma ya fara duba ƙasanta da kyau, don tsatsa ce babban ciwon 240Z.