Tankin ruwan waifa: yadda aka canja mini shi a Ƙofar Ruwa

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, kuma kusan duk ranar Asabar ina kan hanyar Kano zuwa Zariya da ita, saboda mahaifiyarmu tana can. Tun ƙarshen damina tankin ruwan wanke gilashi ya daina riƙe ruwa. In na cika shi da safe, kafin azahar sai in tarar ƙasa ta jiƙe a gaban tayar ɓangaren fasinja. Na yi ta ɗage gyaran, na koma yawo da robar ruwa da tsumma a ƙarƙashin kujera.

A watan Janairu, tsakiyar hunturu, na baro Zariya bayan la'asar da yarana biyu a baya. Magariba ta riske mu wajen Kwanar Dangora. Hazo ya sauko, tireloli suna ta tayar da ƙura, ta kwanta a gilashi kamar an barbaɗa gari. Da fitilun motocin da ke tahowa suka haska ta, gabana ya koma fari fat. Na ja sandar waifa, babu ruwa ko ɗigo, robar ta bi ta kan busasshiyar ƙura ta ƙara dagula wurin. Da addu'a na lallaɓa na sauka gefen titi. Har yau akwai zane mai siffar baka a gilashin, inda yashi ya karce shi a daren nan.

Washegari na kai wa wani bakanike a unguwarmu. Ya leƙa ya ce tsagewa ce, ya cika wurin da sufa gulu da yashi. Kwana huɗu ya yi ya ɓare.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini shagon da nake son yin magana a kansa, a cikin kasuwar Ƙofar Ruwa, layin masu kayan Toyota na gwanjo, waɗanda ake ce wa tokumbo ko na Beljiyam. Wanda ya san kasuwar ya san tun daga bakin hanya 'yan kamasho za su tare ka, kowa yana cewa nasa ne mai kyau. Na wuce su na nufi inda aka ce mini. Shagon ƙarami ne, fitilu da bamba da madubai rataye har sama. Mai shagon dattijo ne, da yaronsa matashi da ke kwance kaya ya ɗaura.

Da na ce tankin ruwan waifa nake nema, bai miƙa hannu ya ɗauko komai ba. Ya ce, "Malam, ta Amurka ce ko ta Turai? Shekara ɗaya ce amma tankinsu ba ɗaya ba ne." Na ce ta Amurka. Ya ce wa yaron ya je ya duba motar tukuna, kada a sayar mini da abin da ba shi ne ciwon ba.

Yaron ya zuba ruwa, ya durƙusa ya ga inda yake zuba. Sannan ya ce in ja sandar waifa, ya kasa kunne. Shiru. Ya buɗe akwatin fiyus ya duba, lafiyarsa ƙalau. Ya dawo ya ce wa maigidansa famfon ma ya mutu. Dattijon ya yi mini bayani: ɗan ƙaramin famfon nan da ke manne a gindin tankin ba a yi shi don ya yi ta juyawa a bushe ba, duk lokacin da na ja sanda babu ruwa ina ƙona shi ne a hankali. Da sabon tanki kawai na saya na tafi, da na isa gida na ja na ji shiru, in ɗauka cuta ta aka yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin. Tanki uku aka fito da su. Ya sa aka cika kowanne da ruwa aka jera a kan busasshen siminti, muka zauna muna kallo. Bayan 'yan mintuna ɗaya ya fara tsattsafo ta wajen wuya, tsagewar da ido ba ya gani. Ya ture shi gefe da ƙafa. A cikin biyun da suka rage na zaɓi wanda robarsa ba ta yi ja sosai ba, sai yaron ya jona famfonsa da batir da waya biyu, ruwa ya yi tsartuwa har kan ƙofar maƙwabcinsu. A gabana aka yi duk wannan, ban roƙa ba. Ya kuma nuna mini sabo ɗan Chana a leda, ya fi araha, ya ce in matsa jikinsa in ji. Robar ta fi sirantaka, tana lotsawa. Ya ce yana sayar da shi, amma a motarsa na gwanjon zai sa. Na bi shawararsa.

A wannan motar tankin ba a fili yake ba. Wuyansa kawai ake gani in an ɗaga bonet, jikinsa yana ɓoye a bayan bamba. Sai da aka karya sitiyari, aka cire baƙar robar da ke saman taya, aka sassauta gefen bamba, sannan yaron ya kwance notuna da sufana mai lamba 10, ya zare soket da tiyo. Da tsohon ya fito muka ga tsagewar a kusurwar ƙasa, daidai inda wani ɗan adaidaita sahu ya goge ni bara. Na tambayi dattijon me ya hana gam ɗin kamawa. Ya ce irin wannan roba santsi gare ta, gam ba ya cin ta, ko dai a narka ta da ƙarfe mai zafi a haɗe, ko a canja, kuma tawa ta riga ta bushe tana ɓarɓashi.

Sai ya kifa tsohon tankin, wani farin laka ya zubo. Ya ce, "Omo kake sawa ko?" Na ce ƙwarai, da ruwan bohol. Ya girgiza kai. Garin sabulu ba ya narkewa duka, yana kwanciya a ƙasa ya toshe bakin famfo da 'yan ƙananan hujojin da ke feso ruwa, yana busar da robar waifa, ya kuma bar dishi-dishi a gilashi. Ruwan bohol mai gartsi shi ma yana barin farar ƙasa. Ya ce in sami ruwa mai tsabta in haɗa da ruwan wanke gilashin mota da ake sayarwa a gidajen mai. Shekara nawa ina tuƙi, ba wanda ya taɓa gaya mini wannan.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma zan faɗa. Wurin ajiye mota babu, a matse aka yi aikin, masu baro suna ratsa mu, ni kuma a tsaye cikin rana kusan awa biyu. Wajen cire robar saman taya yaron ya karya maɓallai biyu, ya ɗauko waya zai ɗaure ya rufe ba tare da ya gaya mini ba. Na ce ban yarda ba, don in ta saki a kan hanya taya za ta cinye ta. Maigidan ya yi masa faɗa, ya aike shi ya sayo sababbi, bai sa a kuɗina ba. Rasit kuma sai da na nema aka rubuta, alhali an ce in ya ba da matsala cikin mako guda in dawo da shi.

Na biya naira 14,000 na tanki da famfo, da 4,000 na aiki. Tankin ya zo ba murfi, aka mayar da nawa na da. Da aka gama aka gwada, hujin gefen direba yana feso ruwa ta saman rufi, yaron ya sa allura ya karkato shi zuwa tsakiyar gilashi.

Mako shida ke nan. Na je Zariya sau biyar, ƙarƙashin motar a bushe yake duk safiya, sau ɗaya kawai na ƙara ruwa. Na tura ƙanina can da Camry ɗinsa, na ce masa ya tsaya a kan yaron lokacin da ake cire maɓallai, ya kuma karɓi rasit. Ni ma zan koma ƙarshen wata, don dattijon ya shafa robar waifata da yatsa ya ce ta yi tauri, a canja ta kafin ruwan fari.