Filin wasan da gwamnati ta gina mana a unguwa, bayan shekara biyu ina zuwa

Kusan kullum da yamma ina wajen ni da yarona, to ina ganin na isa in ce wani abu a kan filin nan. In taurari ake bayarwa uku zan ba shi cikin biyar.

Gaskiya ginin farko an yi ƙoƙari. Filin ƙwallon ƙarami ne irin na mutum biyar-biyar, an shimfiɗa masa ciyawar roba, a gefe kuma ga filin kwando wanda kocin yaranmu ya sa tef ya auna ya ce ya cika ma'auni, mita 28 da 15, ƙarfen kwandon ma mita 3.05 daga ƙasa yadda ya kamata. Akwai fitilun sola, an zagaye shi da waya, shiga kyauta. Kafin nan yaranmu a kan titi suke buga ƙwallo, mota ta taho a ɗauke duwatsun raga, ta wuce a mayar, wallahi duk ranar da na ga haka sai gabana ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa yaro ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, babba kuma minti 150 a sati, to a ina za a yi shi in babu wuri kusa da gida? Wannan ɓangaren kam na yaba, kuma har yanzu ina yabawa.

Inda abin ya fara ɓata min rai shi ne kula da wajen. Ita ciyawar roba ba shimfiɗa ta ake a tafi ba fa, akwai ɓarɓashin baƙar roba da yashi da ake zubawa a tsakaninta, shi ke riƙe ta a tsaye ya kuma rage zafin faɗuwa, dole a riƙa share ta da burushi ana daidaita shi ana ƙara wanda ya zube. In ana haka tana kai shekara 8 zuwa 10. Tamu ban taɓa ganin an share ta ko sau ɗaya ba, yanzu duk ta kwanta tana santsi, gaban raga ɗinkin ya buɗe, nan ƙafar yarona ta maƙale ya gurɗe, sati uku yana ɗingishi yana kallon abokansa ta bayan waya. Ruwan sama kuwa in ya sauka kusurwa ɗaya yake taruwa saboda magudanar ta toshe da leda, sai ya kwana biyu bai tsotse ba. Fitilu shida ne, biyu suka rage masu kamawa, batiran sauran sun mutu ba wanda ya canza.

Mun je wajen jami'an gwamnati mun kai ƙorafi mu uku. Aka ce mana ɗan kwangila ya riga ya miƙa aiki kuma lokacin garantinsa ya ƙare, su kuma ba a ware musu kuɗin gyara a kasafin bana ba. A nan na gane tushen matsalar, kuɗin gini daban yake fitowa a ɓangaren manyan ayyuka, kuɗin shara da mai gadi da canjin batir kuma na gudanarwa ne na yau da kullum, shi wancan ana sa shi don ana ganinsa ana yanka ribon ana ɗaukar hoto, wannan kuwa ba wanda ya rubuta shi tun ranar da ake tsara aikin. Haba, wanda ya iya lissafin siminti da waya ai ya kamata ya lissafa burushi da albashin mutum ɗaya.

Sannan da an zauna da mu masu amfani da wajen kafin a zana, da mun faɗa musu a sa banɗaki da famfo da ɗakin canza kaya. Babu ko ɗaya. Shi ya sa 'yan mata ba sa zuwa, matata ma ta so ta riƙa zagaye da ƙawayenta da safe amma ta fasa. Ba benci ba inuwa, dattijo in ya raka jika sai dai ya tsaya. Jadawali ma babu, manyan samari na isowa ƙananan sai su koma gefe.

Duk da haka ina ba kowa shawara ya kai yaransa, ya fi titi nesa ba kusa ba. Ku je da sassafe ko kafin ƙarfe huɗu, ku riƙe ruwanku, a sa takalmi mai gajerun haƙora, kuma ku ja wa yara kunne kan gaban ragar da ke kusa da ƙofa. Mu dai mun fara tattara sa hannun iyaye, za mu sake komawa kafin a rufe kasafin baɗi.