Talotalon Ranar Godiya daga hannun wata mai girki a Yamai

Ƙanena da ke zaune a Greensboro ta jihar Carolina ta Arewa ya zo gida hutu da iyalinsa a watan Nuwamba, sai 'ya'yansa suka matsa lallai a yi musu liyafar Ranar Godiya, wadda Amurkawa ke yi a Alhamis ta huɗu ta wannan wata, tun bayan da majalisar dokokinsu ta tsayar da ranar a 1941. Su a can hutu ne, mu kuwa a Yamai ranar aiki ce, kuma babu wanda ya taɓa gasa talotalo sukutum a gidanmu. Saboda haka muka ba wata Hajiya mai girkin biki a unguwar Wadata aikin ciyar da mutum 25.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta yi da'awar sanin abin da ba ta sani ba. Ta zauna da matar ƙanena ta tambayi yadda kowane abinci yake, sannan ta ce: "Ɗiyata, zan yi miki da abin da ƙasarmu ke da shi."

A kan talotalon ne gwanintarta ta fito. Naman ƙirjin wannan tsuntsu ba shi da kitse, yakan bushe tun kafin cinyoyi su nuna, shi ya sa da yawa daga cikinmu suka fi son zabo. Hajiya ta jiƙa shi cikin ruwan gishiri kwana guda, ta shafe shi da man shanu, citta, tafarnuwa da kanumfari, ta cusa masa albasar Galmi, sannan ta kai shi tanderun masu burodi, domin murhun gida ba zai ɗauke shi ba. Da aka yanka, romo na bin wuƙa. Kawunmu, wanda ya iso yana cewa da rago aka yanka da ya fi, shi ne ya fara neman ƙari.

Amurkawa na cin naman da wata miya mai tsami-tsami ta jajayen 'ya'yan itace da ba a samu a nan. Ita kuwa zoɓo ta dafa da sukari har ya yi kauri, kuma yaran ba su yi ƙorafi ba. Ta kuma ƙaro tuwon sabon gero da miyar kuka don dattawa, abin da ba mu ma nema ba, alhali kaka ce kuma shi ya fi dacewa.

Kek ɗin kabewa dai bai yi ba. Kabewarmu ta fi ruwa, ba a tsane ta sosai ba, sai gindin ya jiƙe ya zama kamar danƙo. Haka kuma an yi alkawarin kawo abinci bayan Magariba, bai iso ba sai da aka idar da Isha'i, lokacin ƙananan yara sun fara gyangyaɗi. Ta ba da haƙuri, ta ce layi ta tarar a tanderu.

Kuɗinta ya ɗara na girkin suna kaɗan, amma ya haɗa da kujeru, kwanuka da 'yan mata biyu masu raba abinci. Wanda zai ba ta irin wannan aiki ya tsayar mata da lokaci sa'a guda kafin wanda yake so, kuma ya nemi ta gasa kabewar kafin ta niƙa.