Wane ƙauye ya dace baƙo ya sauka a tsibirin Texel?

Texel tsibiri ne a arewacin ƙasar Holan, kuma ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta a lardin Holan ta Arewa, da ƙauyuka bakwai da mazauna fiye da 13,000. Ana isa can ne da jirgin ruwan kamfanin TESO daga garin Den Helder, tafiyar minti 20 kacal, ba tare da an sayi tikiti tun kafin ranar ba. Babbar shawarar da ke gaban baƙo ita ce ƙauyen da zai kama masauki, domin tsawon tsibirin ya haura kilomita 20.

Den Burg shi ne hedikwata, kuma kusan rabin mutanen tsibirin a nan suke zaune. Yana da kantuna, da kasuwar ranar Litinin, da motar bas mai lamba 28 da ke haɗa shi da tashar jirgin ruwa. A ganina, wanda ya zo karon farko ba tare da mota ba, nan ya kamata ya sauka, saboda daga tsakiyar tsibirin zai iya hayar keke ya kai kowane ɓangare ya dawo kafin dare, yana ratsa makiyayar tumakin Texel masu kaurin jiki, waɗanda masu kiwo a ƙasashe da dama ke nema saboda namansu. Illar Den Burg ɗaya ce: babu bakin teku a ƙofar gida.

De Koog kuwa yana jingine da tudun rairayi na gaɓar yamma, kusa da Ecomare, cibiyar da ake jinyar karnukan ruwa, wato dabbobin teku da ake kira seal da Turanci. Masu yara za su ji daɗinsa, sai dai a watannin Yuli da Agusta yakan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya tashi, hayaniya kuma ta kai dare.

Mai neman natsuwa ya nufi De Cocksdorp a ƙarshen arewa, inda jan hasumiyar fitilar jiragen ruwa ke tsaye tun 1864, kuma De Slufter, filin da ruwan teku ke shiga yana fita, ba shi da nisa. Amma zirga-zirga daga can ta fi wahala, domin ƙananan motocin bas na haya da ake kira Texelhopper sai an kira su tun da wuri kafin su zo.