Bututu mai baki biyu ko toshasshe: wanne za a saya wa 'yan aji biyar?

Malama, kin tambaya wane bututu za a saya don darasin sauti. Toshasshen za ki ɗauka, wato wanda bakinsa ɗaya ke toshe. Ni ma ba saya na yi ba, bututun roba na masu aikin famfo na yanko mai tsawon kamar mita ɗaya, na tsoma shi cikin doguwar jarka cike da ruwa. Ruwan ne toshiyar. Kina ɗaga bututun, iskar ciki na ƙara tsawo.

Ranar da na fara gwada wa ɗalibaina, na buga ƙarfen sautin nan mai ƙafa biyu, wanda ke kaɗawa sau 512 a daƙiƙa, na riƙe shi a bakin bututun, wani yaro yana ɗagawa a hankali. Da tsawon iskar ciki ya kai wajen santimita 16 sai sautin ya kumbura, har na bayan aji suka ɗago kai. Na ce su canki inda zai sake ɗaukar amo, duk suka ce 32. Aka zo 32, shiru kake ji. Sai da aka kusa 50 ya sake tashi. A nan suka gane abin da na yi mako ina zanawa a allo: a saman ruwa iska ba ta da wurin motsi, a baki kuma nan ta fi kaɗawa, don haka kwatan zangon sauti (tsawon kaɗawa ɗaya cikakkiya a iska) ne ke shiga, sai kwata uku, sai biyar. Toshasshen bututu ninki 1, 3, 5 na kaɗawarsa ta asali kawai yake bayarwa, yana tsallake 2 da 4.

Ki sa su cire tsawon da sautin ya fara tashi daga wanda ya sake tashi, su mayar da shi mita, su ninka biyu, su sake ninkawa da 512, saurin sauti zai fito. Kada ki ce sun yi kuskure in ya haura mita 340 a daƙiƙa. A zafin Afrilu yana kaiwa wajen 355.

Mai baki biyu kuwa, na taɓa sayen jerin guda shida, suna can cikin sito suna shan ƙura. Yana ba da duk ninkin, 1, 2, 3, 4, amma tsawonsa ba ya canzawa, in bai dace da ƙarfen sautinki ba sai kallo. Amfaninsa ɗaya a wurina shi ne in hura, in rufe ƙasan da tafin hannu, murya ta faɗo rabi. Guntun bututu na santimita 33 ma zai yi miki wannan.

Ki kula da masu sayar da kayan ɗakin gwaji. An taɓa haɗa ni da ƙarafan sauti huɗu, lambobin jikinsu daban-daban, amma biyu daga ciki muryarsu ɗaya sak. Ki sauke manhajar auna sauti a wayarki, ki buga kowanne a gaban mai shagon kafin ki zaro kuɗi.