Ranar da Aka Hana Ƙuli-ƙulina Shiga Aji a Liyon

Mutanen Tawa, ina gaisuwa. Yaya, ki karanta wa Inna wannan, amma in kin zo inda na taɓa ta ki tsallake.

Da shekarar karatu ta zo ƙarshe, lakwal ɗin su ɗiyata a nan Liyon ta Faransa suka ce kowace uwa ta kawo ɗan abin taɓawa. Na ce yau Nasara za su san Ba'adara ta shigo gari. Na kwana ina suyar gujiya, na matse mai, na murza ƙuli-ƙuli siri-siri, na ƙara da kantun riɗi. Roba biyu na cika, na kafa ɗaurin ɗankwali na fita.

A bakin aji malama ta tare ni da fara'a, ta buɗe roba, ta ce me ke ciki? Na ce gujiya. Wallahi sai ka ce maciji na ambata. Ta mayar da murfi ruf, ta ce in yi haƙuri wannan ba zai shiga ba, kuma in wanke hannu kafin in taɓa tebur. A gaban iyayen yara fa! Kek ɗin kowa ya wuce, nawa kaɗai aka tsare. Na ce a raina ai shi ke nan, abincin baƙar fata ne ake ƙyama. Na rungumi robobina na juya, ƙwalla ta cika mini ido.

Sai ga ta ta biyo ni, ta ja ni wani ɗaki, ta buɗe kabad ta ɗauko ƴar jaka da hoton wani yaro manne a jiki. A ciki akwai takarda da suke kira PAI, wadda iyayen yaron da likitan lakwal da shugabar makaranta suka sa wa hannu, sai allurai biyu masu kama da alƙalami. Ta ce in gujiya ta shiga bakin yaron nan, ko ɗan ɓarɓashi ne, leɓɓansa su kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi, duk cikin mintoci. Allurar adirenalin ce, a cinya ake soka ta ko ta kan wando, sannan a kira lamba 15 motar asibiti ta zo. Kuma ba a ware shi ba. Abincinsa daga gida ake kawowa, amma tebur ɗaya yake zama da sauran yara.

Daga ranar idona ya buɗe. Ashe baƙaƙen da nake gani an yi wa rubutu mai kauri a jikin kwalin biskit doka ce ta Tarayyar Turai tun Disamba 2014: abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, ciki har da gujiya, riɗi, madara, ƙwai, kifi, alkama da waken suya, dole a nuna su. Tun Yuli 2015 gidajen abinci na Faransa ma sai sun rubuta. Wani lokaci abin har gundura yake. Ka ɗauki cakulan ka ga an ce wataƙila akwai ɓurɓushin kaza da kaza, duk kuwa da wannan taka-tsantsan miyarsu salam, ba ta kai ƙafar taushen Inna ba.

Amma a daren nan ban yi barci ba, ɗan Gwaggo nake tunawa. Kun san shi. Tun yana ƙarami in ya ci tsire ko dambun zogale sai jikinsa ya yi rudu-rudu, ya dinga susa yana numfashi kamar ana busa sarewa. Muka ce borin jini ne, zai wuce. Wasu suka ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Da ya fara ƙin ci, muka sa masa suna mai tsirfa: ɗan talaka da zaɓen abinci! Inna da kanta ta taɓa matse shi tana ɗura masa kunun gujiya, tana cewa ci ka saba. Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa.

To ina zai tsere? Yajinmu da ƙuli, kilishi da labu, suya da man gujiya, faranti kuma ɗaya ne hannu goma. Ka tambayi mai nama ko da ƙuli a ciki, ya ce babu, alhali da wuƙa ɗaya da tire ɗaya yake aiki. Ba mugunta ba ce, bai san tambayar ta rai ce ba. Da yaron ya girma sai ya daina zama cin abinci a suna da biki, kullum ya ƙoshi. Muka sauya masa suna, ya koma mai girman kai.

Na so in rama wa gida. Na ji cewa a 2015 likitoci a Landan sun gano jariran da aka fara ba gujiya da wuri, kamuwarsu da wannan ciwon na ƙin gujiya ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Na je wa likitan ɗiyata da gadara, na ce ai mu tun kaka da kakanni haka muke. Ya ce gaskiya ne, amma wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi, ɗura ba ta saba masa, kashe shi take iya yi. Na yi tsit.

Saboda haka Yaya, ranar sunan jikarki a ɗora wa ɗan Gwaggo tukunya daban, da man shanu ko wani mai da ba na gujiya ba, da ludayi daban, kuma a kai masa cikin maza ya ci tare da kowa, kada wanda ya yi masa ba'a. Kuɗin cefanen a kaina.

Ƙuli-ƙulin kuwa, sati guda na yi ina jiƙa shi da garin rogo, ni kaɗai a kicin, ina kallon ruwan sama ta taga.