Na sayi ƙunshin ruwan hoda na watan Oktoba, ga yadda muka ƙare

Kun san shagunan kayan kwalliyar nan na Kano da ke rufe ƙofarsu da ruwan hoda da zarar Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, ta kama. A ɗaya daga ciki na sayi ƙunshin man shafawa da riga da ɗan ƙyallen da ake maƙalawa a ƙirji. Man dai yana da kyau, ba ya naso, ƙamshinsa ba ya hawa kai. A nan ba ni da ƙorafi.

Amma ba don man na fitar da kuɗina ba. A jikin kwalin an rubuta cewa wani kaso zai tafi ga masu fama da sankarar mama, a ciki kuma akwai katin duba mama kyauta. Wannan cutar ce ta yi ajalin goggona. An daɗe ana cewa daji ne, ba ya son allura, sai da ciwon ya fashe aka kai ta asibiti. Tun lokacin nake neman yadda zan ja Umma a duba ta, ita kuwa kunya da tsoro sun hana.

Kwana uku ina lallashi kafin ta yarda. Ranar Asabar muka isa, muka tarar da rumfa da kiɗa da balan-balan, 'yan mata na ta ɗaukar hoto. Babu likita, babu nas, ko labule babu. Na nuna katin, wata yarinya ta ce, "Anti, ai dubawa sai asibiti, mu wayar da kai muke yi." Ta miƙa wa Umma takarda da Turanci zalla, ta ɗora da tallar wasu ƙwayoyin ƙarin lafiya. Umma ta gyara mayafinta ta ce, "Mai da ni gida." Wallahi har hawaye na yi.

Na koma shagon na tambaya, nawa ne kason, wa ake ba? Ba wanda ya iya ba ni amsa. Nan na tuna da Charlotte Haley, dattijuwar Amurka da ta fara haɗa irin wannan ƙyalle da hannunta a 1991, tana kukan cewa kashi 5 cikin ɗari kacal na kuɗin cibiyar binciken sankara ta ƙasarsu ke zuwa rigakafi. Mujallar Self ta nemi ta ba su ƙyallen su yi amfani da shi, ta ƙi, ta ce kasuwanci suke so. Sai aka sauya launi zuwa ruwan hoda a 1992 aka ci gaba ba da ita ba.

Da na ce zan ci gaba da sayen man tunda yana da kyau. Yanzu ko kwalbar na gani raina ɓaci yake. Wata biyu ke nan, da na ɗauko maganar zuwa asibiti a duba mama sai Umma ta ce ai mun je.